Yadda ake neman izinin ziyartar ɗaurarre a gidan yari

Ga mutumin ƙauye irin Dabawa, a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma ta jihar Katsina, aikin farko idan aka tsare ɗan'uwansa shi ne gano inda yake.

Wanda aka kama zai iya kasancewa a ofishin 'yan sanda, ko a hannun hukumar tsaro ta DSS, ko kuma alƙali ya riga ya tura shi gidan yari a Katsina, Daura, Funtua ko Malumfashi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare da irin ƙa'idarsa ta ganin tsararre.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ɗora wa hukumar da ta kama mutum alhakin sanar da danginsa ba tare da sun biya ko kwabo ba. Sai dai iyalai da dama a bakin maƙwabta suke fara jin labarin.

A bakin ƙofa

Gidajen yarin ƙasar na ƙarƙashin Hukumar Gyaran Hali ta Najeriya, sunan da ta samu a watan Agustan 2019, bayan shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar doka. Jama'a dai ba su daina cewa gidan yari ba, sunan da ya samo asali daga Yari, mai kula da kurkukun sarki a zamanin En'e, kafin gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen a 1968.

Kowane gida na da ranaku da lokutan ziyara. Mai ziyara yakan bayar da cikakken sunan ɗaurarre, ya faɗi dangantakarsu, ya kuma nuna katin shaida kamar na ɗan ƙasa ko na zaɓe. A nan mutanen karkara kan gamu da cikas, domin sunan da ake kiran mutum da shi a gida ba lallai ba ne ya zama wanda kotu ta rubuta a takardar tsare shi. Sanin kotun da ta tura shi da ranar da aka kai shi yana sauƙaƙa nema.

Wanda ke son ganin fursuna a ranar da ba ta ziyara ba, ko wata ƙungiya mai son kai taimako, sai an rubuta takardar neman izini zuwa ga jami'in da ke shugabantar gidan, wani lokaci har zuwa ga kwanturolan hukumar na jiha.

Gandirobobi kan caje mai ziyara, a karɓi wayarsa ta salula a ajiye. Idan ya zo da abinci, bisa al'ada sai ya ɗanɗana a gabansu kafin a shigar da shi. Ganawar ba ta da tsawo, kuma a gaban jami'i ake yin ta.

A hukumance ba a biyan kuɗin ziyara. Duk da haka ƙungiyoyin kare haƙƙin bil'adama sun sha kokawa cewa akan nemi na goro daga hannun dangi, kuma talakan da ya kashe kuɗin mota daga Dutsin-Ma ya bi ta Kurfi zuwa Katsina da wuya ya tsaya musu, don gudun kada ya koma gida bai ga ɗansa ba.

Haƙƙi ko alfarma?

Ƙa'idojin kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a watan Disambar 2015, waɗanda aka raɗa wa sunan Nelson Mandela, sun ce a bar ɗaurarre ya riƙa ganawa da iyalinsa da abokansa a kai a kai. Sun hana a yanke masa hulɗa da iyali a matsayin horo, sun kuma ce idan lauya ya zo, jami'i na iya kallonsu amma kada ya saurari zancensu.

Batun na da nauyi a Najeriya, inda kusan biyu cikin kowane fursunoni uku jiran shari'a suke yi, wato mutanen da tsarin mulkin 1999 ke ɗauka marasa laifi har sai kotu ta tabbatar. Sau da yawa dangi ne ke nemo lauya, su kawo magani, su samo wanda zai tsaya beli. Wanda ba a ziyarta shi ne aka fi mantawa da fayil ɗinsa.

Amma hukuma na da ikon taƙaita ziyara. An dakatar da ita a faɗin ƙasar a watan Maris na 2020 saboda cutar korona, aka kuma tsaurara bincike bayan harin da ƙungiyar ISWAP ta ce ita ta kai gidan yarin Kuje a ranar 5 ga Yulin 2022, inda ɗaruruwan fursunoni suka tsere.

Nisa ma kan hana ziyara ko da izinin na hannu. Ƙa'idojin na Mandela sun nemi a ajiye ɗaurarre kusa da gidansu gwargwadon hali, amma hukuma kan sauya wa mutum gida saboda cunkoso ko tsaro. Muhawara kan haka ta taso a watan Nuwambar 2025, lokacin da aka kai jagoran ƙungiyar IPOB, Nnamdi Kanu, gidan yarin Sakkwato bayan wata kotun Abuja ta yanke masa ɗaurin rai da rai.

Wanda aka hana ganin ɗan'uwansa ba tare da dalili ba zai iya kai ƙorafi ga kwanturolan jiha, ko Hukumar Kare Haƙƙin Bil'adama ta Ƙasa, ko Hukumar Tallafin Shari'a da ke bai wa marasa galihu lauya kyauta. Idan ana cikin shari'a, lauya na iya roƙon alƙali ya bayar da umarnin a bari a gana da shi.