Me Ya Haɗa Masanin Tattalin Arziki da Gyaran Ilimi?

Bayan karatun Magariba wani ɗalibi ya tambaye ni: me ya kawo masanin tattalin arziki cikin harkar makaranta? Ga amsa a taƙaice, da misali daga ƙasarmu Gana.

A watan Satumba na 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta fara shirin karatun babbar sakandare kyauta, wanda muka sani da Free SHS. Ministan ilimi a lokacin shi ne Matthew Opoku Prempeh, ɗan majalisar Manhyia ta Kudu a nan Kumasi. Kwamitin kula da tattalin arzikin ƙasa kuwa a lokacin yana hannun Mataimakin Shugaban Ƙasa na wancan zamani, Dakta Mahamudu Bawumia, masanin tattalin arziki da ya taɓa zama mataimakin gwamnan Babban Bankin Gana. Mai irin wannan kujera tambayoyi uku ne ke gabansa.

Ta farko: nawa za a kashe? Gwamnati ta ɗauki kuɗin makaranta da abinci da wurin kwana da littattafai. Yara suka tudaɗo har ajujuwa suka kasa ɗauka. Shi ya sa a 2018 aka raba ɗalibai rukuni biyu, wasu suna aji, wasu suna gida suna jiran lokacinsu.

Ta biyu: daga ina kuɗin zai fito? Daga haraji da kuɗin man fetur. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100, Gana ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje. Buhun shinkafar da ya yi tsada a Kejetia bai yi araha a ɗakin girkin makaranta ba.

Ta uku, wadda ta fi nauyi: me zai dawo wa ƙasa? Masanin yana duba abin da yaro zai iya samarwa bayan ya gama. Makanikin Suame Magazine da ya iya karanta na'urar gwajin mota zai gano cikin awa guda abin da wani zai yini yana lalube. Tun da daɗewa Ibn Khaldun ya lissafa koyar da ilimi cikin sana'o'i, ya kuma nuna cewa aikin mutane shi ne tushen dukiya.

Saboda haka, iyaye a Zango, kyautar nan da harajinku ake biyanta. Ku riƙa zuwa taron iyaye da malamai, ku tambayi kwana nawa ɗanku ya yi a aji da abin da ya iya. Kada ku raina makarantun koyon sana'a, su ma suna cikin shirin. Tarbiyya kuwa ba ta cikin lissafin masanin. Wannan nauyin gida ne da makarantar allo. Allah ya sa mu dace.