Ko Ka Sani? Mazurari Mai Famfo da Ke Raba Ruwa da Sinadari

A ɗakin gwajin sinadarai akwai wani mazurarin gilashi mai faɗin ciki, da murfi a sama da ɗan famfo a ƙasa. Aikinsa raba ruwa iri biyu da ba sa gauraya. A cikinsa ɗalibai kan haɗa sinadaran da ake kira alkil halaid, waɗanda ake samu idan kulorin ko buromin ya maye gurbin ɓangaren OH na alkohol.

Idan aka zuba wani alkohol mai suna ta-butanol tare da asid haidurokulorik mai ƙarfi, aka girgiza na 'yan mintoci, ba sai an ɗora a wuta ba. Asid zai ɓamɓare OH, ya fita a matsayin ruwa, kulorin ya zauna a gurbinsa. Fiye da kashi 60 cikin 100 na asid ɗin ruwa ne, kuma shi ke tallafe ƙwayar alkohol ɗin a ɗan lokacin da ta rasa OH ta ɗauki caji, har kulorin ya iso.

Sai dai ruwan nan shi ne kuma mai warware aikin. In aka bar sabon sinadarin a jiƙe, sannu a hankali zai koma alkohol. Don haka da zarar ya taso sama kamar man gyaɗa, sai a buɗe famfo a tsiyaye ruwan ƙasa. A wanke shi da sauri da ruwan soda don kashe ragowar asid. Wankin nan yana tara iska, dole a riƙa kifa mazurarin ana buɗe famfo, bakinsa nesa da fuskar mutane. Daga nan a zuba kalsiyam kulorayid ya tsotse sauran danshi.

Inda ya kamata a fi lura, a ganina, shi ne ba kullum sinadarin ke hawa sama ba. Nauyin wannan mai kulorin ɗin wajen giram 0.84 ne a kowace mililita, bai kai na ruwa ba. Ɗan'uwansa buromobutan kuwa 1.27 ne, idan aka wanke shi da ruwa ƙasa yake nutsewa. Wanda ya ɗauka duk ɗaya ne, zai zubar da wahalarsa a kwata.

Ɗalibi, in ka yi shakka, ɗiga ruwa kaɗan ka ga ɓangaren da zai shige. Wannan shi ne na ruwa. Kada ka zubar da ko ɗaya sai aiki ya kammala.