Sabon Furosesa, Tsohuwar Windows: Me Ya Sa Ba Sa Jituwa?

Yau maganarmu a kan masu shirin canza kwamfuta ce, ko masu son ɗora sabuwar Windows a kan tsohuwa.

Furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta. Windows, macOS ko Linux kuma su ne babbar manhajar da ke ba shi umarni. To idan manhajar ba ta san yaren furosesan ba, aiki ba zai tafi daidai ba.

Mu fara da masu ƙaunar Windows 7. Tun daga furosesan Intel ƙarni na 7 da AMD Ryzen na farko, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a kansu. Ko mai gyara ya yi dabara ya ɗora maka, za ka iya tarar da USB ba ya aiki, ko Wi-Fi ya ƙi kamawa, saboda babu direbobinsu.

Windows 11 kuma akasin haka ce, tsofaffin furosesa take ƙi. Tana neman Intel ƙarni na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama, da ram aƙalla 4GB, da guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Ga shi kuma tallafin Windows 10 ya ƙare tun 14 ga Oktoba, 2025. Don haka duk mai zuwa sayen laftof na hannu, ya duba lambar furosesa kafin ya biya kuɗi. Idan ka ga i5-6300U, ƙarni na 6 ne, ba ya cikin jerin Windows 11. Idan i5-8250U ne, ƙarni na 8 ne, ka wuce lafiya. Kar kalmar "Core i7" kaɗai ta ruɗe ka, tsohon i7 ma yana nan.

Akwai kuma wani abu. Daga ƙarni na 12 da ya fito a 2021, Intel ta raba cikin furosesa gida biyu: ɓangare mai ƙarfi na manyan ayyuka, da mai tattalin batir na ƙananan ayyuka. Windows 11 ce aka gina ta don raba musu aiki yadda ya kamata.

Sai batun ARM. A 2020 Apple ta fito da M1, ta bar Intel. Tsofaffin manhajoji suna tafiya ta hanyar tafinta mai suna Rosetta 2, amma Boot Camp, da ake ɗora Windows da shi, babu shi a kan M1. Haka laftof masu Snapdragon: wasu wasanni da direbobin tsofaffin firinta ba sa tafiya a kansu.

Kafin ka saya, rubuta manhajojin da aikinka ko karatunka ya dogara da su, ka tabbatar suna tafiya a kan injin. Ku ajiye mana tambayoyinku, sai mun haɗu a shiri na gaba.