Tagar saman mota: inda ruwan damina ke bi, da inda bai kamata ya bi ba

Yawancin ƙananan motocin da ke shigo mana Dakoro tsofaffin Turai ne da aka sauke a Lome ko Kwatano. Wasu suna zuwa da taga a saman rufi, wadda ake kira "toit ouvrant" da Faransanci. Wasu matasa kuma sukan kai tasu gareji a yanka rufin a saka musu. Abin yana da kyan gani, amma in aikin bai yi ba, ruwan watan Agusta kaɗai ya isa ya lalata mota.

Tagar da ke zamewa baya ba a yi ta don ta hana ruwa gaba ɗaya ba. Robar da ke kewaye da gilashin tana tare mafi yawa, sauran yana sulalewa cikin wani ɗan kwari da ke ƙarƙashi. A kowace kusurwa huɗu akwai rami, kowane rami da tiyonsa. Kamar indararon soro ne: in ya toshe, ruwa ya kwanta, ɗaki ya yi yoyo.

To, ina tiyon ke bi? Biyu na gaba suna sauka ta cikin ginshiƙan da ke gefen gilashin gaba, su fito wajen maƙalar ƙofa ko bayan tayar gaba. Biyu na baya suna bin ginshiƙan baya, su fito kusa da tayar baya. Ga abin da mai mota zai sa wa ido in ana aikin:

Na farko, tiyo ya riƙa gangarawa tun daga sama har ƙasa. In ya yi ciki a tsakiya, nan ruwa da ƙura za su taru su zama laka.

Na biyu, kada ya lanƙwashe, kada kuma a matse shi da robar ado lokacin mayar da ita.

Na uku, bakinsa ya fito waje sosai. Wasu masu gyara don sauri sukan bar shi cikin ƙarfen jikin mota. Ba ka ganin ruwan, amma tsatsa na cin motar daga ciki. In an huda sabon rami, a shafa masa fenti, a sa zoben roba don kada ƙarfe ya yanke tiyon.

Na huɗu, kuma wannan maganar rai ce: motoci da yawa suna da jakar iska a gefen rufi, mai buɗewa lokacin haɗari. Tiyo ya bi ta bayanta, ba ta gabanta ba. Haka kuma kada a yanke ƙarafan da ke riƙe da rufi, don su ke tare mutane in mota ta kife.

Mu nan matsalarmu ƙura ce. Daga hunturu har bazara, iska na cusa rairayi cikin kwarin nan, ga ganyen dogon yaro in kana ajiye mota a inuwarsa. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana busar da roba har ta tsage. Ruwan farko na sauka, sai ka ga rufin ciki ya yi tabo, shimfiɗar ƙasa ta jiƙe, mota na warin fumfuna. Mafi muni, wayoyin lantarki suna bi ta ƙarƙashin shimfiɗar, wasu motocin har da ƙaramar kwamfuta. In ruwa ya taɓa ta, sai ka nemi wata a Maraɗi ko Kano, da tsada kuwa.

Gwajin ba shi da wuya. Kafin damina, ka ajiye mota wuri mai daidai, ka buɗe tagar, ka goge kwarin da tsumma. Ka zuba ruwa kofi guda a hankali a kowace kusurwa, ka duba ƙasa. In ya zubo bayan taya, lafiya lau. In bai fito ba, a zura igiyar roba mai laushi. Ban da wayar ƙarfe, tana huda tiyo. Ban da iskar injin mai faci, ƙarfinta na tsinke tiyon daga bakinsa, ruwa ya koma zuba cikin rufi.

Ƴan uwa da ke ƙetare masu aiko da mota gida, ku sa a yi wannan gwajin kafin ku biya kuɗi. In motar ba ta zo da taga ba, ku bar ta yadda take. Hanyoyin ƙauyukanmu da girgiza sukan sassauta aikin da aka yi daga baya. Wanda kuma tagarsa ta riga ta lalace kuma babu halin gyara, ya rufe ta, ya liƙe gefenta da gam mai hana ruwa, ya sa a cire fis ɗinta don kada yara su buɗe.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye hanya.