Kaifafa Hoton Rubutu: Amfaninsa da Haɗarinsa ga Mai Nazarin Harshe

Tun da aka gano zinariya a Tchibarakaten a shekarar 2014, hanyar da ta tashi daga Agadas ta nufi iyakar Aljeriya ta cika da matafiya masu wayoyin salula. Ƙasar Abzin da suke ratsawa tana da duwatsu masu zane da rubutun Tifinag na Abzinawa. Hoton irin wannan dutse, idan ya iso ga mai nazarin harshe, sau da yawa dushi-dushi yake zuwa: an ɗauke shi da tsakar rana, cikin ƙura, sannan WhatsApp ta matse shi. Ɗalibi kan garzaya ya buɗe Photoshop ko GIMP domin ya kaifafa shi. Kafin ya yi haka, yana da kyau ya san abin da manhajar take aikatawa.

Hoton dijital tarin ƙananan ƙwayoyi ne, kowace da nata gwargwadon haske. Dabarar kaifafawa da ta fi shahara, Unsharp Mask, ta samo asali daga masu wanke fim tun kafin zuwan kwamfuta. Manhajar takan yi kwafin hoton, ta dusashe shi, ta auna bambancinsa da na asali, sannan ta ƙara wannan bambanci a kan hoton. Sakamakon haka, duk inda duhu ya yi iyaka da haske, sai duhun ya ƙaru, hasken ma ya ƙaru. Ido ya ga layi ya fito raɗau, alhali babu wani sabon bayani da ya shiga hoton. A Photoshop ma'auni uku ke sarrafa aikin: ƙarfin kaifin, faɗin gefen da zai shafa, da mafi ƙarancin bambancin da manhajar za ta kula da shi.

Matsalar ita ce manhaja ba ta bambance ɗigon marubuci da tabon dutse. A Tifinag na gargajiya, haruffa da dama ɗigogi ne zalla: ɗigo ɗaya wasali ne, biyu a tsaye "w", uku a tsaye "gh", uku a siffar murhu "k". Ramin da yashi ya ci a jikin dutse, idan aka kaifafa shi, yana iya mayar da "w" ya zama "gh". Haka abin yake a ajami: a tsakiyar kalma, ɗigo ne ke raba ba da ta da nun da ya. A rubutun Magaribi da makarantun allo suka gada, fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya a sama, sannan da ɗigon imala ake nuna wasalin "e". Tsarin JPEG ma, da yake matse hoto gida-gida, ƙwayoyi 8 sau 8, yakan bar tabo a gefen haruffa, kaifafawa kuwa ta ƙara fito da shi.

Sababbin manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira sun fi haɗari, domin suna cike gurbi da abin da suke tsammani. An taɓa ganin makamancin haka: a 2013 wani masanin kwamfuta Bajamushe, David Kriesel, ya gano cewa wasu na'urorin Xerox na sauya lambobi a takardun da suka kwafa, 6 ta koma 8, saboda salon matse hoto. Rubutun ya fito tsaf, amma ba daidai ba.

Saboda haka, gyara tun daga wurin ɗauka yake farawa. Rubutun da aka sassaƙa ya fi fitowa da hantsi ko da la'asar, lokacin da haske ke zuwa ta gefe ya cika ramukan da inuwa. A tura hoton a matsayin fayil don kada a matse shi. A adana na asali, a yi aiki a kan kwafi, a bar kaifafawa ta zama matakin ƙarshe, kuma a sassauta hannu da zarar farin zobe ya bayyana a gefen harafi. Duk ɗigon da ba a gani a hoton asali ba, kada a sa shi cikin karatu. A rubutun bincike kuwa, a buga hotunan biyu gefe da gefe tare da bayanin gyaran da aka yi, sannan a nuna su ga Ba'abzinen da ya iya karatun Tifinag kafin a yanke hukunci a kan kalma.