JERRY BUHARI: ƊAN KACHIA DA YA HAƊA BUROSHI DA ALLI

Duk wanda ya bi hanyar Kachia daga cikin garin Kaduna, ya ratsa Sabon Tasha ya nufi matatar mai, ba zai rasa ganin aikin masu zane ba. Akwai shi a allunan shagunan aski, a jikin manyan motoci, a bangon makarantu, har da tutocin Zumuntar Mata da ake ɗagawa ranar babban taro. Amma a gidaje da yawa na Kakuri da Narayi da Barnawa da Unguwar Romi, idan aka kama yaro yana zane a bayan littafinsa na lissafi, abin da zai ji shi ne: "Wannan shirme ne zai ba ka abinci?"

Wannan hanya, idan mutum ya ci gaba da binta ya wuce Kujama, za ta kai shi ƙasar Kachia. A can ne, a wani ƙauye mai suna Akwaya, aka haifi Jerry Buhari a shekarar 1959. Ya zama ɗaya daga cikin sanannun masu zane na Nijeriya, kuma Farfesa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Tarihin aikinsa yana da amsar da ya kamata iyaye su ji kafin su ƙwace fensir daga hannun ɗansu.

GIDAN DA YA SHIGA

Ba a banza ake kiran Zariya gidan masu zane ba. A shekarar 1955 aka dawo da sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa kwalejin da ke Zariya, wadda daga baya, a 1962, ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. A lokacin yawancin malaman Turawa ne, kuma tsarin Ingila suke koyarwa. A 1958 waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ba su ƙi ilimin Bature ba. Abin da suka tsaya a kai shi ne a haɗa shi da abin da mutum ya gada a gida, watau tatsuniyoyi da adon bango da sassaƙa na ƙasarsa. Mutanen Kudancin Kaduna suna da rabo a wannan tarihi, gama shugabansu Uche Okeke a Kafanchan ya tashi, a can kuma ya yi makarantar firamare.

A wannan gida ne Jerry Buhari ya yi karatu, bayan waɗancan magabata sun daɗe da fita. Ya sami digirinsa na farko a 1981, na biyu kuma a 1984, duka a fannin zane. Sa'an nan ya zauna a sashen yana koyarwa, ya hau matakai ɗaya bayan ɗaya har ya kai Farfesa. Fiye da shekara 30 ya shafe tsakanin aji da ɗakin zanensa.

Karatun nan ba wasa ba ne kamar yadda waɗansu ke zato. Ɗalibi yakan fara da zanen fensir da gawayi, yana duban mutum ko tulu ko itace yana sauke shi a takarda har idonsa da hannunsa su saba da juna. Yakan koyi haɗa launi, da gina siffa da yumɓu, da tarihin zane na Afirka da na Turai. Sai bayan wannan ne zai zaɓi fannin da zai ƙware a kai. Wanda ba shi da haƙuri ba ya kai ƙarshe.

MALAMIN DA YA BAR ALAMA

Ba za a ba da labarin Zariya ta wancan zamani ba tare da an ambaci Gani Odutokun ba. An haife shi a Nsawam ta ƙasar Ghana a 1946, iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya yi karatu a Zariya ya kuma zama malami a nan. Shi ne ya shahara da dabarar zuba fenti mai ruwa-ruwa a kan ƙyalle, a bar shi ya gangara yadda ya ga dama, daga baya mai zane ya shiga ya ba abin da ya fito ma'ana. A ganinsa rayuwa ma haka take: akwai abin da mutum ya shirya, akwai wanda ya auko masa, gwani kuwa shi ne wanda ya iya sarrafa su duka. Bai ji tsoron taɓa masu mulki ba. A zamanin soja ya yi jerin zane-zane a kan sarki da fadawansa, wanda duk mai hankali ya san inda suka dosa.

Odutokun da abokan aikinsa, har da Buhari, sun kafa wata ƙungiya mai suna The Eye, wadda ta riƙa buga mujalla a kan zane a farkon shekarun 1990, lokacin da jami'o'i ke fama da rashin kuɗi da yajin aiki. A watan Fabrairu na 1995, suna komowa daga wani nunin zane a Legas, Odutokun ya rasu a haɗarin mota tare da waɗansu abokan tafiyarsa. Rashin ya girgiza sashen ƙwarai. Nauyin riƙe gidan ya faɗo kan matasan malamai irin su Buhari da Jacob Jari, kuma sun riƙe. A shekarar 2000 aka yi nunin ayyukan Odutokun da na waɗanda suka sha daga ƙoramarsa a birnin Landan.

ME YAKE ZANAWA?

Wanda ya je kallon aikin Jerry Buhari yana neman hoton da ya yi kama da na kyamara zai dawo da mamaki. Yakan yi ƙananan zane-zane da fentin ruwa, waɗanda ba su fi tafin hannu ba, yakan kuma yi manya da za su cika bango. Daga nesa sai mutum ya ga kamar taswira ce, ko fili da aka hango daga jirgin sama. Idan ya matso kusa sai ya tarar da ƙananan ɗigo da layuka da siffofi masu yawa, kamar tururuwa a bakin rami. Dole sai mai kallo ya tsaya, ya rage gaggawa.

Abin da ya fi damunsa a cikin aikinsa shi ne halin da ƙasa ke ciki a hannun ɗan Adam: malalar mai, da ɓata ruwa da gona, da haɗamar masu iko, da tashin hankalin da ke raba mutane da gidajensu. Fentin da ke zuba yana gangarawa a kan ƙyallensa yakan tuna wa mutum baƙin man da ke malala a yankin Neja Delta. Wannan ba tatsuniya ba ce. An gano mai a Oloibiri a 1956, kuma a 2011 wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce tsabtace ƙasar Ogoni kaɗai zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Mu ma a nan ba baƙi ba ne ga batun, gama tun 1980 matatar mai take zaune a gefenmu, kuma manoman da ke bakin rafin Romi sun daɗe suna kuka a kan ruwan da ke fitowa daga wajenta. Mai wa'azi yakan faɗi irin wannan da baki, ɗan jarida da alƙalami. Mai zane kuwa da launi yake faɗinsa, kuma maganarsa takan zauna a bango shekara da shekaru.

A shekarar 2022 wani gidan nunin zane a Legas mai suna kó ya tattara ayyukansa na shekaru masu yawa ya nuna su wuri ɗaya, a ƙarƙashin taken Landscapes of the Soul, wanda ma'anarsa ta yi kusa da "shimfiɗar ƙasar da ke cikin ran mutum". Irin wannan girmamawa ba a yi wa mutum sai ya daɗe yana aiki ba tare da ya ajiye buroshi ba.

AJI DA ƊAKIN ZANE

A nan ne darasin yake. Malaman zane da yawa, da zarar sun sami albashi, sai buroshi ya bushe. Masu zane da yawa kuma sukan ga koyarwa ɓata lokaci ne. Buhari ya riƙe biyun, kuma kowanne ya tallafi ɗan'uwansa. Albashin malanta yakan ba mai zane damar yin aikin da ransa ke so, ko da ba wanda zai saya a bana. Aikin hannu kuma shi ne ke ba malami bakin magana a gaban ɗalibai, domin ba a koya wa yaro noma daga kan kujera.

Kada mu ɓoye wahalar da ke ciki. Fenti mai kyau da buroshi da takardar zane yawanci daga waje ake kawo su, farashinsu kuwa yana bin dala. Manyan masu saye da gidajen nuni suna Legas da Abuja, ba a Kaduna ba. Gaskiya ne a 2018 an sayar da wani zanen marigayi Ben Enwonwu mai suna Tutu a Landan a kan kuɗi sama da fam miliyan ɗaya, amma wannan ba rabon kowa ba ne. A da, masaƙun Kakuri sukan ɗauki masu zanen atamfa aiki. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, sauran ma suka bi baya ɗaya bayan ɗaya, wannan ƙofa kuwa ta ƙuntata. Duk da haka waɗansu ƙofofin suna nan: koyarwa, zanen littattafan yara, aikin maɗaba'a, adon gine-gine, da tsara hotuna a kwamfuta. Dukansu suna bukatar hannu da ido da aka horar.

INA RUWAN IKKILISIYA?

Akwai 'yan'uwa da ke ɗari-ɗari da zane saboda dokar da ta hana yin gumaka. Tsoronsu yana da tushe, amma a tuna cewa Littafin Fitowa da ya kawo wannan doka shi ne kuma ya ba da labarin Bezalel da Oholiyab, a sura 31 da 35. Allah ne ya ba su gwaninta domin aikin adon alfarwa, ya kuma ba su iyawar koya wa waɗansu. Ashe mai zane da ke koyarwa ba sabon abu ba ne. Abin da aka hana shi ne sujada ga aikin hannu, ba aikin hannun ba.

'Yan Zariya ma sun yi wa ikkilisiya hidima. Bruce Onobrakpeya ya zana tashoshi 14 na hanyar gicciye domin majami'ar St. Paul da ke Ebute Metta a Legas, ya sa mutanen cikin labarin a kamanni da tufafin ƙasarmu. Demas Nwoko ya tsara ɗakin sujada na limaman Dominikan a Ibadan, wanda masana gine-gine ke zuwa kallo. Yusuf Grillo ya yi tagogi masu gilashi mai launi a majami'u da dama na Legas. Mu kuwa sau da yawa sai mu sayo kalanda daga waje mu rataya, alhali kuwa yaron da zai iya yi mana wanda ya fi shi yana zaune a bencin baya.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Iyaye, idan kun ga yaro yana da hannu, ku saya masa littafin zane dabam domin ya bar na lissafi ya huta. Ku tambaya ko makarantar da za ku sa shi tana da malamin zane, domin wanda bai ɗauki darasin a sakandare ba yakan sha wuya wajen neman shiga sashen a jami'a. Ku kuma nuna masa cewa Turanci da sauran darussa ba abin yarwa ba ne. Ba a zama Farfesa da fenti kaɗai.

Malaman makarantar Lahadi, ku ba yara takarda su zana labarin da suka ji, ku lura da wanda ba ya so ya tashi bayan an tashi. Dattawan ikkilisiya kuma, idan za a yi allo ko tuta ko adon bango, ku ba ɗan gida aikin, ku biya shi haƙƙinsa cikakke. Kada a ce masa "ai aikin Ubangiji ne" a sallame shi da godiya, alhali an biya birkila da kafinta.

Akwaya ƙauye ne kamar sauran ƙauyukan da yawancinmu muka fito. Idan yaron can ya iya kaiwa inda ya kai, to, babu dalilin da zai sa a kashe wa na Narayi ko Gonin Gora gwiwa. Allah ya ba mu idon gane baiwar da ya ajiye a gidajenmu, da zuciyar renonta.