Kamfanin Axis da Kyamarar da ta Koma Kwamfuta

Kafin tsakiyar shekarun 1990, duk inda aka kafa kyamarar tsaro, to, akwai wata doguwar waya da ta tashi daga jikinta zuwa wani ɗaki, inda mai gadi ke zaune gaban akwatin talabijin. A can ake naɗe hoton a kaset ɗin bidiyo. In kaset ya cika a sa wani, in kuwa an yi sata sai a zauna ana ta mayar da shi baya ana laluben lokacin da abin ya auku. Wanda ba ya cikin wannan ɗaki ba shi da halin ganin kome.

Abin mamaki, kamfanin da ya sauya wannan tsari ba ƙera kyamara ce sana'arsa ta asali ba. An kafa Axis Communications a 1984 a Lund, wani tsohon garin jami'a da ke kudancin ƙasar Suwidin. Mutum uku ne suka kafa shi: Mikael Karlsson da Martin Gren da Keith Bloodworth. Hajarsu ta farko wani ɗan akwati ne mai haɗa na'urar buga takardu da manyan kwamfutocin IBM. Wato dai ƙwarewarsu ita ce sa na'urori su fahimci juna ta hanyar sadarwar kwamfuta.

Wannan ƙwarewa ce Martin Gren da wani injiniya, Carl-Axel Alm, suka ɗora a kan kyamara. A 1996 kamfanin ya fitar da NetEye 200, wadda ake ɗauka ita ce kyamara ta farko mai aika hoto kai tsaye ta hanyar sadarwa. A cikinta akwai 'yar ƙaramar kwamfuta mai mayar da hoto lambobi, ta kuma miƙa su ga duk kwamfutar da ta nema, ko tana ɗakin maƙwabta ko tana wata nahiya. Sai dai fa tana da nawa ƙwarai. Cikakken hoto guda kan ɗauke ta daƙiƙa 17, lokacin da ya ishi ɓarawo ya shiga ya fita tsakanin hoto da hoto.

Me ya jawo wannan jinkiri? Yawan lambobi ne. Kowane hoto tarin ƙananan ɗigo ne, kowane ɗigo kuma da lambobinsa masu nuna haske da launi. Alal misali, hoton kyamarar zamani mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye yana da ɗigo 2,073,600, ga shi kuma ana son hotuna 25 ko 30 a kowace daƙiƙa domin motsi ya tafi sumul. Hanyar sadarwa ba za ta ɗauki wannan kaya daga kyamarori masu yawa ba sai an matse shi. Dabara ɗaya ita ce a aika cikakken hoto sau ɗaya, daga nan sai a riƙa aika abin da ya canza kawai. Idan kyamara na kallon farfajiyar makaranta da dare, bango da bishiya suna nan yadda suke, akuyar da ta gifta ce kaɗai ke bukatar sababbin lambobi.

Domin yin irin wannan lissafi da sauri, Axis ya ƙera ƙwayar lantarki tasa mai suna ARTPEC, wadda ta fito a 1999 cikin kyamarar AXIS 2100. Daga nan kayayyakin suka yi rassa. Akwai na'ura mai mayar da hoton tsofaffin kyamarori lambobi don kada a zubar da su. A 2010 aka fitar da kyamara mai gani da zafin jiki, wadda ba ruwanta da hasken fitila, domin hasken da ido ba ya gani wanda jikin mutum ke fitarwa shi take kamawa. A 2008 kuma Axis da Bosch da Sony sun kafa ƙungiyar ONVIF, don kyamarorin kamfanoni dabam-dabam su iya aiki tare. Kamfanin Canon na Japan ya sayi mafi yawan hannun jarin Axis a 2015.

Amma kyamarar da ta zama kwamfuta ta gaji cututtukan kwamfuta. A da sai mutum ya yanke waya ko ya sace kaset. Yanzu kuwa wanda ya san kalmar sirri yana iya leƙa cikin gida daga nesa. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kutsa cikin dubban kyamarori da na'urorin naɗar bidiyo na kamfanoni iri-iri, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da aka sa musu tun daga masana'anta, waɗanda masu su ba su taɓa canzawa ba. A watan Oktoba na shekarar aka tura waɗannan na'urori suka yi wa kamfanin Dyn na Amurka ruwan saƙonni, har manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa buɗewa na tsawon sa'o'i.